Maganin Gwaji da Amanar Faɗa wa Majinyaci Gaskiya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda lafiya da ciwo duka suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, Allah Ya yi maka albarka, mas'alar da za mu tattauna a nan ita ce: idan ciwo ya ci ƙarfin mutum, likitoci suka ce magungunan da aka sani sun ƙare, sa'an nan aka ji labarin wani sabon magani da ake kan gwadawa, mene ne ya hau kan wanda ya ɗauko labarin? Da kai muke maganar, domin a yawancin gidaje yau kai ne mai ɗauko labarin. Kai ne mai waya a hannu, kai ne ka yi boko, kai ne likita yake ja gefe ya yi wa bayani da Turanci alhali tsoho yana kwance yana kallon bakinku. Abin da ka juyo ka faɗa masa da Hausa, shi ne iyakar abin da zai sani game da jikinsa. To, wannan amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta.

Domin kada magana ta tafi a iska, za mu ɗauki ciwo guda ɗaya mu bi shi, watau ciwon daji na babban hanji da dubura, wanda ya riga ya bazu zuwa wasu sassan jiki. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 1.9 ne suka kamu da ciwon dajin babban hanji, kuma sama da 900,000 suka mutu da shi. A cikin ciwon daji duka, na huhu ne kaɗai ya fi shi kisa. Kada kuma ka ce ciwon tsofaffi ne. Ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Chadwick Boseman, wanda da yawanku kun san shi fiye da yadda ya kamata, da wannan ciwo ya mutu a 2020 yana ɗan shekara 43. A 2021 kuwa masu ba da shawara kan lafiya a Amurka suka sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45, saboda yadda ciwon yake ƙaruwa a tsakanin waɗanda ba su tsufa ba. A wajenmu nan, mutum sai ya shekara yana ganin jini a bayan gida yana cewa basir ne, yana shan jiƙe-jiƙe, sai ranar da ya rame ya ƙanjame a kai shi asibiti.

YADDA MAGANIN YAKE AIKI

Ka sani, Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam askarawa a cikin jininsa, su ne ake kira garkuwar jiki. A cikinsu akwai wasu ƙwayoyi da likitoci suke kira T, aikinsu su zagaya jiki, duk baƙon da suka gani su kashe shi. Amma da an sake su haka nan, da sun afka wa jikin kansa. Saboda haka aka halicce su da linzami. Biyu daga cikin linzaman nan an gano su, ɗaya sunansa CTLA-4, ɗaya PD-1. Wani malamin kimiyya na Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano PD-1 a 1992, wani Ba'amurke kuma, James Allison, ya nuna a 1996 cewa idan aka kwance linzamin CTLA-4 a jikin ɓeraye, askarawan nan suna cinye ciwon daji. Su biyun aka ba kyautar Nobel a 2018. Wayon ciwon daji shi ne yana kama linzamin ya ja, sai askari ya zo gabansa ya tsaya cik. Maganin da muke magana a kai, aikinsa ke nan: ya zare linzamin daga hannun ciwon.

To, amma dokin da aka cire wa linzami ba gonar abokin gaba kaɗai yake shiga ba. Askarawan sukan juya kan hanjin mai lafiya su jawo gudawa mai tsanani, ko su taɓa huhu, ko hanta, ko maƙoshi inda ƙululun da ke daidaita ƙarfin jiki yake. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, sukan taɓa zuciya, kuma ana mutuwa ta wannan hanya. Idan aka haɗa magani biyu, aka cire linzami biyu, wahalar takan ƙaru.

Abu na biyu da ya kamata ka fahimta, kuma shi ne gindin maganar, ciwon dajin hanji iri biyu ne a wannan babi. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi littafin halittarta, kamar yadda almajiri yake kwafe rubutu a allo. Akwai kuma malami mai dubawa yana gyara kure. A wasu majinyata wannan mai gyaran ya lalace a cikin ciwon, sai kurakurai su taru da yawa har ƙwayar ciwon ta sauya kama, ta zama baƙuwa sak. Askarawa suna ganinta, linzami kawai ya hana su. Likitoci suna rubuta wannan iri da dMMR ko MSI-H. A cikin waɗanda ciwonsu ya bazu, masu wannan iri ba su wuce kamar 5 cikin 100 ba. Sauran 95 ɗin, waɗanda ake rubuta wa MSS, mai gyaransu lafiyarsa lau, saboda haka ciwon ya yi kama da ɗan gida. Ka cire linzami goma, askarin da bai gane ɓarawo ba wa zai kama?

An ga wannan ƙarara a 2015 a wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins. An ba majinyata maganin pembrolizumab. A cikin mutum 10 masu irin farko, ciwon 4 ya ja da baya. A cikin 18 masu iri na biyu, ko ɗaya. Daga nan abin ya yi ta ci gaba ga masu irin farko. A wani babban gwaji da aka buga a 2024, aka haɗa nivolumab da ipilimumab, aka tarar bayan shekara 2, kashi 72 cikin 100 suna raye ciwonsu bai ci gaba ba, alhali a cikin waɗanda aka ba tsohon maganin ƙarin ruwa mai kashe ƙwayoyi kashi 14 ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince a fara jinyar irin waɗannan majinyata da wannan haɗin a 2025. Wannan rahama ce babba, mu gode wa Allah a kanta.

Ka tuna saƙon nan da ya zagaya wayoyi a 2022, wai an gano maganin kansa? Asalinsa gaskiya ne. A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyu Yok an ba mutum 12 maganin dostarlimab, kuma su duka 12 aka nemi ciwon aka rasa. Abin da mai tura saƙon bai faɗa ba shi ne, dukansu ciwon dubura gare su wanda bai bazu nesa ba, kuma dukansu masu irin farko ne. Rabin labarin ya faɗi ƙasa a hanya, sauran rabin ya shiga gidajen mutanen da ciwonsu ba shi da alaƙa da wannan, suka kwana ba su yi barci ba don murna. Wanda ya danna ya tura bai yi ƙarya da bakinsa ba, amma ina tabbatar maka bai kuɓuta ba.

SAURAN 95 ƊIN FA?

A nan ne maganin gwaji ya shigo. Masu bincike suka ce, bari mu haɗa mai cire linzami da wani magani dabam, ko ya tona asirin ɓarawon gidan. Yanzu ka saurari tarihin da kyau, domin a cikinsa akwai darasi da ba za ka samu a saƙon waya ba.

An haɗa atezolizumab da wata ƙwayar sha mai suna cobimetinib. Ƙaramin gwaji na farko ya ba da sha'awa. Sai aka yi babba da mutum 363, aka buga sakamakonsa a 2019: masu haɗin sun rayu wata 8.9, masu tsohuwar ƙwaya regorafenib wata 8.5. Watau babu wani bambanci. A wannan shekarar dai aka ji labari daga Japan cewa an haɗa regorafenib da nivolumab, a cikin mutum 25 ciwon kamar kashi ɗaya cikin uku ya ja da baya. Da aka maimaita a Arewacin Amurka da mutum 70, biyar kacal aka samu. Aka gwada lenvatinib da pembrolizumab a kan mutum 480, aka sanar a 2023 cewa wata 9.8 ne da wata 9.3, shi ma bai kai a kira shi nasara ba.

Sai wani haɗin da aka fi yi wa shela a 'yan shekarun nan, botensilimab da balstilimab, na wani kamfani mai suna Agenus. A rahoton da aka buga a 2024, cikin mutum 101 da aka iya auna sakamakonsu, ciwon 17 ya ja da baya. Ga irin ciwon da a da ba ya ko motsi, wannan abin lura ne, ba mu raina shi ba. Amma a cikin waɗanda ciwon yake ci a hantarsu ba a samu ko ɗaya ba, alhali hanta ita ce wurin da wannan ciwo ya fi zuwa idan ya bazu. A watan Yuli na shekarar, hukumar magunguna ta Amurka ta shawarci kamfanin kada ya nemi amincewar gaggawa da hujjar da ke hannunsa. A 2025 kuma aka samu babban gwaji na mutum 901, aka haɗa atezolizumab da ƙwayar zanzalintinib, masu haɗin suka rayu wata 10.9, masu regorafenib wata 9.4. Wannan karon bambancin na gaske ne a lissafi: wata ɗaya da rabi, tare da ƙarin wahalar magani.

Kalmomi biyu a nan sai an fassara maka su. Idan likita ya ce ciwo ya ja da baya, nufinsa faɗin ƙullutun da aka auna a hoto ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100. Bai ce an warke ba. Idan kuma ya ce an rayu wata kaza, nufinsa a jera majinyatan duka daga wanda ya fara rasuwa har wanda ya fi daɗewa, a duba na tsakiya. Rabi ba su kai wannan lokaci ba, rabi sun wuce shi, wasu kaɗan sun wuce shi nesa. Ajali kuwa yana wurin Allah, lissafin yana ba da labarin jama'a ne, bai san sunan mahaifinka ba.

SHIN GWADA MAGANI A KAN MUTUM YA HALATTA?

Wani zai ce, ai wannan mai da ɗan Adam ɓeran gwaji ne. Mai wannan magana yana da uzuri, musamman idan Bakano ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara wajen 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, in ya ji kalmar gwaji gabansa ya faɗi, ba za mu zarge shi ba.

Amma ka lura da abin da iyayen suka kai ƙara a kai: rashin sani da rashin neman yarda. Shi gwajin kansa babu makawa daga gare shi, domin duk maganin da ka taɓa sha, wani ne ya fara shan sa kafin a san amfaninsa. Likitocin Musulmi na da sun san haka. Abubakar Ar-Razi ya ba da labari a littafinsa Al-Hawi cewa ya yi wa wasu majinyata tsagar jijiya, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, domin ya kwatanta ya gani. Maganin nasa likitocin yau sun bar shi ga wannan ciwo, amma dabarar kwatantawar ita ce har gobe ake bi. Ibnu Sina kuma a Al-Ƙanun ya kafa sharuɗɗa bakwai na gwada magani, a cikinsu akwai cewa sai amfanin ya maimaitu a kowane lokaci ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kawai, da kuma cewa gwaji a jikin zaki ko doki ba ya zama hujja a kan jikin mutum. Ka dubi labarin Japan da muka ba ka a sama, ka ga ko sharaɗin maimaituwa ya tsufa.

Saboda haka ne ake yin gwaji hawa-hawa. Hawa na farko mutum kaɗan ne, kuma babban abin da ake nema a sani shi ne yawan maganin da jiki zai iya ɗauka. Na biyu a ga ko akwai alamar amfani. Na uku a tara ɗaruruwa, kwamfuta ta jefa ƙuri'a, wasu su sami sabon, wasu su sami tsohon. Majinyaci ba ya zaɓa, likitansa ma ba ya zaɓa. Wannan ba zalunci ba ne matuƙar da gaske ba a san wanne ya fi ba, kuma ka ga sau nawa sabon bai fi ba.

Bayan ta'asar da likitocin Jamus suka yi wa fursunoni a yaƙin duniya na biyu, aka kafa ƙa'idojin Nurembag a 1947, sa'an nan na Helsinki a 1964, kuma kansu duka yardar mutum bisa sani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta shar'anta cewa binciken likitanci sai da yardar mutum mai cikakken hankali, ba tare da tilas ba kamar ta fursuna, ba kuma tare da kwaɗaitarwa da abin duniya ba kamar yadda ake yi wa matalauci. Asalin wannan yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyalinsa suka ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na majinyaci. Da ya farfaɗo ya yi umurni a ɗura wa duk wanda yake wurin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Mutanen nan fa ƙauna ce ta sa su. Duk da haka ƙaunar ba ta ba su ikon jikinsa ba.

INDA AMANARKA TAKE

To, yanzu mu dawo gare ka. A ce mahaifinka ne, ciwon ya bazu, an yi ƙarin ruwa iri biyu ko uku, likita ya ce akwai wani gwaji. Takardar yarda za a kawo, shafi kusan ashirin da Turanci, kai za ka karanta, shi zai sa hannu. Ka sani yardar da ba a gina ta a kan sani ba, cinikin biri a sama ce. Shari'ar da ta hana a sayar wa mutum kifi yana cikin ruwa saboda bai san abin da yake saye ba, yaya za ta yarda a karɓi sauran kwanakinsa a kan abin da ba a bayyana masa ba? Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wannan karin magana hujja ce a kan mai miƙawa. Tun da ka san zai kama ko mene ne, lalle ne ka faɗa masa wane gefe ne kaifi.

Ƙofar ha'inci a nan biyu ce, kuma mutanen kirki ne suke shiga ta cikinsu. Ta farko, ka ƙara gishiri. Likita ya ce 17 cikin 101, kai ka juyo ka ce, "Baba, an samu magani." Ka ce don ka ƙarfafa masa zuciya ne. Ka binciki kanka da kyau, ɗan'uwa: zuciyarsa kake lallashi ko taka? Sau da yawa ɗa ne ba ya iya jure zama hannu rabbana, yana so a ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yana tsoron bakin dangi ranar zaman makoki. Sai tsoho ya biya kuɗin wannan da jikinsa: tafiya mai nisa, allura, gudawa, kwana a ɗakin da ba mai jin harshensa.

Ƙofa ta biyu, ka ɓoye. Wannan ta fi yawa a wajenmu, har ta zama kamar ladabi. A ce kada a faɗa masa, zai karaya. Sai gida duka su sani, maƙwabta su sani, mai ciwon kaɗai ake gaya wa gyambon ciki ne. Subhanallah! Mutumin nan yana da bashi a kansa da ba wanda ya sani sai shi. Akwai ajiyar mutane a hannunsa, akwai gonar da ba a rubuta iyakarta ba, akwai ɗan'uwan da suka shekara goma ba sa magana, akwai wasiyyar da yake da ikon yi a cikin sulusin dukiyarsa. Ka hana shi duk wannan, sa'an nan ka zo kana kuka a bakin kabari? Haka nan idan akwai gwajin da ya cancanta ya shiga, ka yanke a ranka cewa wahala ce kawai, ka ƙi gaya masa, ka ƙwace masa zaɓin da yake nasa.

Idan ka ce, ai an kwaɗaitar da mu faɗa wa majinyaci magana mai daɗi, sai mu ce haka ne. Ka yi masa addu'a, ka tuna masa rahamar Allah, ka gaya masa babu likitan da ya san ranar kowa, wannan duk gaskiya ne. Ka zaɓi lokaci, ka zaɓi lafazi, kada ka jefa masa magana kamar dutse. Ka fara da tambayarsa: "Baba, likita ya yi mini bayani. Kana so in gaya maka duka, ko kuwa ka bar mini?" Akwai wanda zai ce ka riƙe, ba na son ji, kuma wannan haƙƙinsa ne. Amma shi zai sallama, ba kai za ka sallama masa ba. Galibi ma tsofaffin nan sun riga sun gane. Jiki magayi. Suna yin shiru ne don sun ga kuna ɓoyewa, kowa yana tausayin kowa, har lokaci ya ƙure ba a yi maganar da ta kamata ba.

WATA ƊAYA DA RABI

Shin wata ɗaya da rabi ya kai a sha wahala dominsa? Wannan tambaya ba ni da ikon amsa ta, kai ma ba ka da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani yana da 'yar da za a ɗaura wa aure bayan salla, wani yana fatan ya riski azumi ɗaya, wani ɗan shekara 40 ne da yara ƙanana, ko da dama ɗaya cikin goma ce zai ce a gwada, wataƙila ya zamo cikin 'yan kaɗan ɗin da suke daɗewa. Wani kuwa zai ce, ku mai da ni gida in ji kiran salla na masallacin unguwarmu. Dukansu biyu ba wanda ya saɓa.

Malamai sun rarraba hukuncin neman magani. Inda amfanin ya tabbata ko ya rinjaya, kuma barinsa halaka ne, to nemansa wajibi ne. Inda ake shakkar amfanin, halal ne, ba dole ba. Inda ake tsoron illarsa ta fi ciwon, barinsa ya fi. Maganin gwaji, da sunansa ma, yana babin shakka. Saboda haka kada ka ce wa wanda ya shiga ba shi da tawakkali, domin riƙon sababi ba ya kore dogaro ga Allah. Kada kuma ka ce wa wanda ya ƙi ya yanke ƙauna. Ka tuna matar nan mai farfaɗiya da labarinta ya zo a Buhari da Muslim, wadda aka ba ta zaɓi tsakanin a roƙa mata waraka da ta yi haƙuri, ta zaɓi haƙuri. Zaɓin a hannunta aka sa shi. Kuma wanda ya ƙi gwaji ba a daina jinyarsa ba. Akwai maganin kashe zafi, har da mofin idan likita ya rubuta, akwai maganin amai da na toshewar ciki, akwai kula da abincinsa da tsaftarsa. Barin majinyaci yana murƙususu da sunan haƙuri jahilci ne.

Wanda kuma ya shiga da idonsa a buɗe, akwai wata niyya da ya kamata a tuna masa. Mutum 363 ɗin nan da haɗinsu bai yi aiki ba, ba a banza suka sha wahala ba. Saboda su ne aka daina ba dubban mutane wannan haɗin. Wanda ya ce, in na amfana alhamdu lillahi, in ban amfana ba na bayana su amfana da abin da aka koya a jikina, muna yi masa fatan lada. Amma ka ga wannan niyya ba ta yiwuwa ga wanda aka gaya wa cewa waraka ce tabbas. Wanda ya ruɗe shi ya hana shi har ladan.

Sai maganar kuɗi, a taƙaice. Yawancin gwaje-gwajen nan a Amurka da Turai da gabashin Asiya ake yin su, kuma suna da sharuɗɗan shiga masu tsanani. A gwaji na gaskiya, a bisa al'ada masu binciken ne suke ba da maganin da ake gwadawa, akwai kwamitin da ya duba ya amince, akwai lambar rajista, kuma majinyaci yana da ikon fita ran da ya so. Wanda ya ce maka ka turo miliyoyi a sa mahaifinka a sabon magani, ya kuma yi maka alkawarin waraka, ɗan kasuwa ne, ko da farar riga ya sa. Dukiyar majinyaci tasa ce, in ya so ya kashe ta a neman lafiya bisa sani. Amma a matsa wa mata su sayar da gadonsu, ko a taɓa na marayu, ko a ci bashi da ruwa, a kan abin da ba a gaya wa kowa haƙiƙaninsa ba, wannan ba biyayya ga iyaye ba ce.

Abin da za ka iya yi tun gobe ba ya bukatar biza. Ka tambayi likita ko an auna tsokar da aka yanko daga ciwon an ga dMMR ne ko MSS. A kan tsokar da aka riga aka cire ake yin awon, ba sai an sake yanka ba. Wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka yi tare da asibitin nan na Niyu Yok, aka buga a 2021, ya sami irin farko a kashi 28 cikin 100 na majinyatan Nijeriya da aka auna, alhali a na Amurka kashi 14 ne. Adadin da aka auna kaɗan ne, kuma daga kudu maso yamma suke, amma ya isa ya sa ka yi tambayar. Idan aka kawo maganar gwaji, ka tambaya hawa na nawa ne, mutum nawa aka riga aka ba, nawa suka amfana kuma na tsawon wane lokaci, ko masu ciwo a hanta suna ciki, da abin da za a yi idan gudawa ta taso da tsakar dare. Ka rubuta amsoshin a takarda, ka fassara su yadda aka faɗa.

Idan kuwa awon ya nuna dMMR, akwai tambaya ɗaya da ta rage, kuma kai ta shafa. Wani kaso na masu wannan iri gadonsa suka yi, abin da likitoci suke kira ciwon Lynch. Wanda yake ɗauke da shi, kowane ɗa nasa yana da rabin yiwuwar ya gada, mace ko namiji, kuma matan gidan suna da ƙarin haɗarin ciwon dajin mahaifa. Waɗanda aka tabbatar sun gada ana fara leƙa hanjinsu da na'ura tun suna samari, a maimaita a kai a kai, domin a cire tsiron tun bai zama ciwo ba. Saboda haka ka nemi a yi wa mahaifin naka awon gado, in ya tabbata ka tara 'yan'uwanka maza da mata ka gaya musu, har da waɗanda ke gidan aure da waɗanda kuke uba ɗaya kawai, kai ma ka kai kanka a duba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.